Tsani Na Goma Sha Biyu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai sigina bai ɗauke ba.

A wani gari da ke bakin babban titi akwai ƙungiyar masu ɗaura dish da eriya, su talatin da 'yan kai. Su ne ke hawa rufin jama'a su yi ta juya faranti har ya fuskanci tauraron ɗan'adam, labarai da ƙwallo su sauko cikin falo. Ƙungiyar tana da shugaba, tana da sakatare, tana da hatimi. Tana kuma da dogon tsani na katako guda ɗaya tak, wanda kowa ke ɗauka idan aikin bene ya samu. Tsanin nan ya girmi wasu 'yan ƙungiyar. Mataki na huɗu ya daɗe da barin duniya, na bakwai da wayar eriya aka ɗaure shi, na tara kuwa ba a taka shi sai da bismilla.

Baba Nomau, dattijon ƙungiyar, tun zamanin eriyar gora yake hawa rufi. Ya san matakan tsanin nan kamar haƙoran bakinsa, ya san mai girgiza, ya san inda giɓi yake. Duk da haka, da damina mataki na bakwai ya sauko da shi daga wani bene ba tare da shawara ba, tun daga ranar yake ɗingishi. Ga shi kuma ran Asabar aikin bene mai hawa biyu na jiransa. Shi ya sa ya je taron ranar Laraba da magana ɗaya a bakinsa.

Shugaba Alhaji Mamuda ne ya kira taron. Rabonsa da rufi shekara goma sha biyar, tun da ya buɗe shagon sayar da dikoda jiki ya yi kyau. Ya ce washegari shugabannin jiha za su kawo ziyara, dole su tarar ƙungiya ta jera abubuwan da za ta sa a gaba, daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa.

Sakatare Ilu ya miƙe ya karanta. Na ɗaya, a koma tsarin dijital gaba ɗaya. Na biyu, a riƙa jin ta bakin ƙungiya duk sa'ad da za a raba zangon watsa shirye-shirye. Na uku, horo kan sabon tauraro. Na huɗu, yaƙi da masu satar tashoshi. Haka ya yi ta gangarowa. Huluna iri ɗaya suka zo na takwas, sabon hatimi na goma. Da ya kai ƙarshe sai ya rage murya.

"Na goma sha biyu, tsani."

Baba Nomau ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, a hau da tsanin nan sama mana. Ko sama da hula ne."

Alhaji Mamuda ya cire tabarau ya dube shi cikin tausayi.

"Baba, muna maganar tauraro mai nisan kilomita dubu talatin da shida a sararin samaniya, kai kana maganar katako?"

"Ai shi ya sa, ranka ya daɗe. Dubu talatin da shidan nan siginar da kanta take sauko su, ba ta taɓa neman taimakon kowa ba. Ƙafa ashirin ɗin da suka rage ne namu."

Wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa don dariya. Shugaba ya buga tebur.

"An ji, an rubuta. Na sha biyu ne, ba gaggawa. Tsanin nan lafiyarsa lau, ko ƙato zai ɗauka. Mu dubi gaba, jama'a, mu dubi sama!"

Baba Nomau ya dubi sama. Ya dubi ƙafarsa. 

Washegari da hantsi aka kawo jerin an buga shi a kan wani ƙaton ƙyalle, na ɗaya da manyan baƙaƙe a can sama, tsani a can ƙasa kusa da ɗinki. Shugaba ya ce a rataye shi a goshin benen ofis, yadda baƙi za su fara cin karo da shi tun daga titi. Aka jingina tsani. Nan take kowa ya tuna da wani aiki. Wani ya tafi jera kujeru, wani ya ce bai ɗaura alwala ba, Ilu ya ce shi alƙalami ya sani.

Baba Nomau ya naɗe ƙyallen ya saɓa a kafaɗa. Ya tsallake na huɗu, ya lallaɓa na bakwai, ya yi wa na tara bismilla, ya haye rufi. Ya kwanta rub da ciki, ya leƙo da kai, ya saki ƙyallen ya ɗaure shi tam da waya, kusurwa biyu. Sannan ya sauko a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya zauna a inuwa.

Motar baƙi ta karyo kwana ke nan Alhaji Mamuda ya fito daga ofis cikin babbar riga, ya ɗaga kai don ya ga aikinsa. Ƙyalle ya ratayu kai a ƙasa. Dijital na lilo a gindi, tsani yana bisa kowa.

Ya waiga neman wanda zai gyara. Duk 'yan ƙungiya sun duƙufa a kan wayoyinsu.

"Baba Nomau! Wane irin aiki ne wannan? A juye ka rataye shi! Ga baƙi sun iso!"

Dattijon ya ɗaga kai ya ƙare wa ƙyallen kallo.

"Ranka ya daɗe, daga inda muke aiki daidai yake karantuwa. In na 'yan ƙasa kake so, ga tsani nan, lafiyarsa lau."

Ƙurunƙus kan ɓeran da ya ci wayar eriya.