Rasuwar Uwar Magana, Sensar Bamban Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma haushin da na kasa haɗiyewa, ni Malam Maharazu, tsohon malamin gona mazaunin garin Rano, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sensar ribas ta motata mai aiki da lantarki, wadda iyalina suka fi sani da Uwar Magana. Ta rasu bayan jinyar da ƙahon wani sa ya jawo mata.

Ga waɗanda ba su san marigayiyar ba, 'yar mitsitsiya ce, baƙa, faɗinta bai wuce maɓallin kwat ba, mazauninta kusurwar hagu ta bamban baya. Aikinta ɗaya ne a duniya: idan na sa ribas, ta duba abin da ke bayana ta gaya mini. In abu yana nesa sai ta ce "ƙit… ƙit…" cikin natsuwa. Yana matsowa tana ƙara sauri. In ta ja "ƙiiii" ba numfashi, ko da wa nake gaisawa sai na taka birki.

Na san wasu za su ce abin bai kai a yi masa sanarwa ba. Su wuyansu yana juyawa. Ni tun faɗuwar da na yi a babur kan hanyar Saji wuyana ya sandare, ba na iya waiwaye, ga layinmu matsattse, cike da yara da awaki. Wata safiya zan tafi gonata ta Madachi, madubi ya nuna mini hanya fes, sai marigayiyar ta ƙwalla ƙara. Na tsaya ina tsaki, na fito in ga ko turmi aka bari. Jikata ce Mufida, ta rarrafo har gindin taya tana cin ƙasa. Ranar ban je gonar ba. A dakali na zauna har aka kira azahar.

Ajalinta ya faro ne ranar kasuwar Kibiya. Ina ja da baya a hankali, ta yi gargaɗi, na tsaya cak. San huɗar Alhaji Gwadabe ne bai tsaya ba. Ya sunkuyo ya soka mata ƙaho a tsakiyar ido, kamar wanda aka aiko. Alhaji ya iso yana haki, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wallahi kukan nan ne ba ya so." Na yi haƙurin, tunda tare muka yi makarantar allo.

Daga nan ta fara sambatu. Ta yi wa fili ihu, ta yi wa katanga shiru. Da ruwan sama ya shiga tsagar, ta ce "ƙi" sau ɗaya, siririya, ba ta ƙara ba. Ashe kuma tsarin motar, in ɗaya daga cikin sensa huɗun da ke bamban baya ta mutu, sauran ma sai su ɗauke baki.

Ba a bar ta babu neman magani ba. Ishiyaku bakanike ya buɗe gaban motar, ya nemi inji bai gani ba, ya rufe a hankali ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ta masu gyaran rediyo ce." Mai gyaran rediyo ya leƙa ya ce ta kanikawa ce. Sai na ce hannun da ya shekara talatin yana kwance injin feshi ba zai kasa da maɓalli ba. Na ba wani direba sautun sabuwar sensa daga Kano. Wadda ya fara kawowa bakinta bai shiga soket ba. Ta biyu ta shiga.

Ranar aikin na shimfiɗa tabarma a bayan motar, uwargida Hajiya Hadiza tana riƙe da waya, muna kallon bidiyon wani mutum yana yin irin gyaran yana bayani da harshen da ba mu ji ko kalma ɗaya. Shi da yatsa biyu ya zare bambansa yana murmushi. Nawa 'yan ƙugiyoyin robar da ke riƙe da shi sai ɓallewa suke ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas. Wuyana bai bar ni in leƙa ƙasa ba, don haka da lalube nake yi, gumi yana shiga idona.

"Malam, mutumin nan fa bai ja da ƙarfi haka ba," in ji Hajiya.

"Shi tasa ba ta sha lakar Madachi ba," na ce, na fizga.

Gawar ta fito. Wayar 'yar uwarta ta kusa da ita ma ta biyo ta, a tsinke.

Na naɗe da salatif, na danna sabuwar a gurbi, na sa ribas. Ta tsandara ihu ba tsayawa, har maƙwabta suka fito. Ashe a kife na sa ta, ƙasa take kallo. Na juya ta, ta yi tsit, allon motar kuma ya cika da rubutun da ko ɗana Salahuddeen da na tura wa hoto bai iya karantawa ba. Ya ce sai an kai ta Kano an jona mata kwamfuta kafin motar ta yarda da baƙuwar.

Tun daga ranar Hajiya ta ɗauke makullin. Ta ce, "Ka yi fushinka, Malam. Da yaran nan a layi ba za ka yi ribas a makance ba." Gaskiya ta faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Masarata tana jiran taki, ga buhunan a zaure, ga mota cike da caji a ƙofar gida, ni kuma ina hawa acaɓa ina riƙe da wuya.

Marigayiyar ta rasu ta bar 'yan uwa uku, ɗaya na kwance da rauni daga hannuna, biyu sun ƙi magana. Ta bar kyamarar baya mai yanar ido, wadda ba ta taɓa amfanar kowa ba. Ta bar magajiya da ba ta san aikin ba tukuna. Ta bar ni.

Za a yi mata rakiya ranar Alhamis bayan la'asar a gidana da ke Rano. Babu wanka, babu salla, tunda roba ce. Za a sa ta a gwangwanin madara tare da ƙugiyoyin da suka riga ta, a ɗora a saman katanga inda yara ba sa kaiwa. An yafe wa Alhaji Gwadabe zuwa, in kuma ya ga dole, ya taho shi kaɗai. Mata su shiga wajen Hajiya. Maza za su same ni a ƙofar gida, kusa da bamban da har yau yake kwance a ƙasa. Duk wanda ya san yadda ake mayar da shi, ya bar dogon jaje, ya taho da sukundireba.