Yadda Za Ka Tsere wa Yankan Shinkafar Suruki da Takardar Gwajin Zuciya

Kai da surukinka ya aiko maka kiran gayyar yankan shinkafa a Bakura, ga rana, ga sunkuyo, matso kusa. Hanyar nan tabbas ce. Sanusi mai gyaran batir a bakin tashar Mafara ya bi ta, kwana tara cur bai taɓa lauje ba.

1. Samo takarda

Je asibiti ka ce ƙirjinka na harbawa. Za su manna maka wayoyi, na'ura ta fiddo doguwar takarda mai zane kamar haƙoran zarto. In likita ya ce lafiyarka ƙalau, yi godiya, amma kada ka baro takardar. Maganar likita a ofis take kwana, takarda ce mai zuwa gida.

2. Ɗauko kalma mai nauyi

Sanusi ya ɗora yatsa kan wani tsini ya ce, "Likita, wanga fa?" Likita ya ce sunan abin difolarazeshan. Wai naman zuciya kamar batir yake, wutar ciki daban, ta waje daban, to in bambancin nan ya rushe... Daga nan Sanusi ya daina saurare, ya samu abin da ya zo nema. Kai ma nan za ka tsaya.

3. Kai wa suruki a durƙushe

Ja gaisuwa, har awaki ka tambaya, kana yi kana dafe ƙirji. Sanusi cewa ya yi, "Baba, jar waya da baƙar wayar zuciyata sun zama ɗaya. Batir in ya kai nan, sai 'yan gwangwan." Surukin nasa Alhaji Inuwa ya yi salati, ya ce kada ya kuskura ya taka gona.

4. Jure

Taibatu, matar Sanusi, da ta ji labari sai ta zare gishiri daga miya, ta hana tsire, ta hana shayi. Ci lami ka yi shiru. Lami ya fi lauje.

5. Bincika ko akwai mai karatu a gidan

Wannan ne Sanusi ya tsallake. Ran kwana na tara yana kishingiɗe a zauren Alhaji, sai ga Rumaisa ƙanwar Taibatu, mai karatun jinya, ta dawo hutu.

"Yaya Sanusi, an ce batirinka ya mutu. Miƙo takardar in gani."

"Ke, wanga ba karatun yara ba ne."

Ta fizge, ta duba. "Baba, gaskiya ya faɗi. Yana da difolarazeshan ɗin."

Sanusi ya gyara kwanciya.

"Ku ma kuna da shi, ni ma, har akuyar can. Rushewar nan ita ke sa zuciya ta matse ta tura jini, sannan ta sake caji, sau saba'in a minti. Wanda nashi ya tsaya, shi ake yi wa sutura."

Alhaji ya miƙe. Ya shiga ciki ya fito da lauje. Gayya ta watse tun jiya, saura ɓangaren bakin ruwa inda ƙafa ke nutsewa. Ya ce, "Mai caji sau saba'in ya ishe shi."

Ni dai hanya na nuna, ban ɗauki nauyin bayan kowa ba, balle mutuncinsa a gidan surukai. Wanda ya bi ya faɗa, kada ya zo ƙofata. Sanusi kwana huɗu ya yi yana yanka shi kaɗai, kuma har yau Taibatu ba ta maido gishiri ba. Ta ce Rumaisa ba ta gama makaranta ba tukuna.