Baƙin Tabarau

"...lafiya lau, Angona. Kai! Mene ne wannan a fuskarka?"

"Aikin hannunki ne, Gajera. Kalle ni da kyau."

Gajera ta jingina wayar da kofin shayinta da ya huce, ta kalle shi a allon wayar. Kakanta ne zaune a kujerar roba a bakin ƙofar ɗakinsa, ya kafa wani baƙin tabarau da ya cinye rabin fuskarsa. Abokan aikinta sun fita cin abinci, ofishin shiru, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki da jan rubutun da ya cika allon kwamfutarta tun safe.

"Tabarau na karatu na ce ki aiko," in ji tsohon. "Kin mai da ni ɗan sandan ciki. Yau maƙwabcina ya gan ni ya canza hanya."

"Laifin masu shago ne. Amma wallahi ya rufa maka asiri, rabin tsufan ya ɓuya."

"Tsufan da kika gani kika liƙe? Wai ba ke ce uwarki ke cika mana baki da ke ba, cewa aikinki hana kuskure?"

"A kwamfuta, ba a kasuwa ba."

"To, wane kuskuren kike hanawa?"

Ta taɓa gaya masa, amma ta san so yake hirar ta yi tsawo. Ita ma haka.

"Akwai harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. A cikinsa akwai ayyuka da ake kira da suna: mai tara lambobi, mai ƙirga kwanaki, mai haɗa kalmomi. Kowanne da irin abin da yake karɓa. Ni nake rubuta mai gadin da ke dubawa kafin a fara. In ka miƙa wa mai tara lambobi sunan mutum, sai ya mayar da kai."

"Ashe gadi kike yi! Duk bokon nan, gadi? Da kin faɗa, ga ƙofata nan ba kowa. Kuma mai gadin naki yana barci ranar da kika miƙa wa makaho baƙin gilashi?"

"Wanzami ba ya son jarfa, Tsoho. Kai da ka ƙare rayuwarka kana gyara agogon mutane, naka kullum a tsaye."

"Nawa hutawa yake yi. To me ya haɗe miki gira yau? Ko a duhun nan ina jin fuskarki a ɗaure."

"Gurbin da ba komai a ciki. In aka miƙa shi, mai gadin ya rasa ko na lamba ne ko na kalma, sai ya hana kowa wucewa. Masu amfani da shi suna ta kuka, an ce sai na gyara kafin a ba ni hutu."

"Ba ki san irin gurbi ba? Zo ki ga kujerar da kike zama ki ɓata mini kayan aiki. Tana nan ba kowa, kuma ba wanda ya taɓa ruɗewa a kan ko ta wace ce. Ko kyanwa ta hau, korarta nake yi."

Gajera ta tuna kujerar. Ƙamshin man agogo ne ya dawo mata, da ƙaramin teburin nan mai ɗauke da ƙusoshi kamar ƙwayar yashi, da yadda yake buge mata hannu in ta miƙa. Sai yanzu ta lura ba wayar yake kallo ba. Fuskarsa ta ɗan karkace, yana magana da gefen ƙofa.

"Cire tabarau ɗin in gan ka."

"Don ki sake faɗawa tarkona?"

"Cire dai."

Ya cire. Ya matso da wayar har hancinsa ya cika allon, ya runtse ido, ya sake matsowa.

"Ina ganin wani abu kamar tulu da ɗankwali," ya ce. "Ke ce?"

"Tun yaushe ya kai haka, Kaka?"

"Au, yau kuma Kaka na zama? An sake ni ke nan. Likita ya ce hasken yana tattara kayansa a hankali. Na ce ya bar shi, me ya rage da ban gani ba? Sai dai muninki, ban san inda ya kai yanzu ba. An ce ido wa ka raina, wanda kake gani yau da gobe. Ke kam kin hana ni in raina ki."

Ta yi dariya, ta share ido da bakin gyalenta.

"Zan aiko maka da na gaskiya gobe."

"Ki aiko, su kawo mini na walda."

Ta dubi jan rubutun, ta dubi ƙofar ofishin shugabanta da ke a buɗe.

"Shi ke nan, ka ci. Zuwa da kai ya fi aike. Gyaran nan zai bi ni a jaka, in ƙarasa shi a kan teburinka. Ni zan kai ka a auna idon, ni zan zaɓa."

Tsohon ya ƙyalƙyale da dariya har wayar ta karkace, ta ga rufin ɗaki.

"Ki yi sauri, Gajera. Amma ki sani, in na sa sabon tabarau na ga abin da na aura, a ranar zan kai ƙarar uwarki."