Tiyon Jamus na Malam Isiyaku

Malam Isiyaku tela yana da wata tsohuwar mota da kowa ya sani a unguwarsu a Kano, irin bas ɗin nan da Turawa 'yan yawon duniya ke ratso Sahara da ita su sayar. A cikinta akwai gado, akwai murhu, har da wurin wanke kwanuka. Shi yana ji da ita kamar 'yar fari, matarsa Ladidi kuwa tun ranar da aka kawo ta take cewa ba ta taɓa ganin akurkin kaji mai kyau irin wannan ba. Ana nan sai tiyon da ke kai mai ga sitiyari ya tsufa ya fara yoyo. Sitiyari ya yi tauri, in Malam zai sha kwana sai ya miƙe tsaye ya rungume shi, jijiyoyin wuya duk a waje. Ladidi ta tura tsohon kwano ƙarƙashin motar yana tare man, sannan ta kafa sharaɗi: ran Asabar ana sunan jikar yayarta a Gumel, in motar ta kai su shi ke nan, in ko ba ta kai su ba, kaji su tare a ciki. Malam ya ce ya yarda, don shi dama bakinsa ya fi hankalinsa sauri.

Ya ƙi kiran bakanike. Ya ce mutumin da ke kwance keken ɗinki ya mayar, tiyo guda ba zai gagare shi ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi, ya ɗauki ƙusa ya karce notin tiyon da ke ɓangaren famfon mai don kada ya juya shi wajen mayarwa, kamar yadda yake sa alli a yadi. Ya auna tiyon da tef ɗinsa na ɗinki, ya naɗe shi a leda, sai kasuwar 'yan kayan mota, inda ba a sayen komai sai da samfur. Ya faɗa shagon wani Ɗanliti.

"Irinsa sak nake so," in ji Malam. "Ni tela ne, idona awo ne. In ya bambanta da ko zare ɗaya, riƙe kayanka."

"Zauna, Alhaji," in ji Ɗanliti. "Kawo samfurin in duba maka a sito."

Malam bai taɓa zuwa Makka ba, amma bai gyara masa ba. Can sai ga Ɗanliti da tiyo baƙi wuluk yana sheƙi, yana ƙamshin fetur. Ya ce kwancen Jamus ne, daga wata motar can aka kwanto shi, tsohon kuwa ya wurga shi a bola, me za a yi da gawa. Malam ya zaro tef ya auna, tsawo ya yi daidai, lanƙwasa ta yi daidai. Ya biya, ya fito yana tausayin mutanen da ake cuta a kasuwar nan.

Wajen ɗaurawa ya hangi karce a jikin notin, daɗi ya kama shi, ya ƙwala wa matarsa kira. "Ladidi, zo ki ga abin mamaki. Jamusawa ma a nan suke sa alama, daidai inda na sa tawa. Ashe tunaninmu ɗaya da su."

Ladidi ta leƙa, amma ba ta ɗauke kwanonta ba. Malam ya zuba mai, ya tayar da mota, ya murɗa sitiyari. Ɗigo ya faɗo ɗas a tsakiyar kwano, ko matsar da shi ba a yi ba.

"Malam," in ji ta, "su ma Jamusawan a nan nasu yake yoyo?"

Ta juya ta shiga gida. Kafin ya gama leƙen ƙarƙashin motar har ta dawo da tsaba tana watsawa a bakin ƙofar motar, wai kaji su fara sabawa da hanya. Malam ya zauna a kan buhu yana kallon karcen nan, ya gane hannunsa, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa fuskarsa.

Ran Juma'a da sassafe ya sake kwance tiyon, ya koma kasuwa ya dangwara shi a gaban Ɗanliti.

"Ka ji tsoron Allah. Gobe suna, mota za ta koma hannun kaji, kai kuma ka wanke mini tiyona da fetur ka sayar mini?"

Ɗanliti ya ɗauki tiyon ya jujjuya, ko a jikinsa.

"Alhaji, kai ka ce irinsa sak, kada ya bambanta da ko zare. Na zaga kasuwar nan kaf, irin tiyon nan guda ɗaya ne a duk Kano, kuma kai ka zo da shi."