Rasuwar Alƙali, Talabijin ɗin Ɗakin Kwalliya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ba zan ɓoye muku ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan aiki rasuwar Alƙali, ƙaramin talabijin ɗin da ke kan kanta a ɗakin kwalliya na tasharmu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara goma sha ɗaya a bakin aiki.

Ga waɗanda ba su san shi ba, ni ce mai yi wa masu karanta labarai kwalliya, shi kuma an jona shi da kyamarar ɗakin labarai. In na gama da fuska, mai ita ya je ya zauna gaban kyamara, sai in ɗaga kai in dubi marigayin. In ya nuna goshi na ƙyalli, in ruga da hoda. In ya nuna lafiya, magana ta ƙare, ko Manaja ba ya ɗaukaka ƙara. Daga nan ya samo sunansa.

An shaide shi da haƙuri. Da safe in an kunna shi sai ya ce "ziii", ya ɗan yi tunani, sannan hoto ya zo. Ranar da ya yi nauyin tashi, mari ɗaya a gefen hagu ya ishe shi, kuma ba ya riƙo. Ya sha hoda fiye da kowace fuska a tashar nan. Gulmar da ya ji a ɗakin kuwa, da yana da baki da an kori rabin ma'aikata.

Babbar amanar da na ba shi ita ce fuskar ƙanwata Auta, mai karanta labaran rana. Tana da tabon ƙuna daga kuncin hagu zuwa ƙasan kunne. Tana shekara huɗu, ni ina shekara tara, butar ruwan zafi ta kuɓuce a kanta, kuma a hannuna ta kuɓuce. Mutane na cewa sha'awa ce ta sa na koyi kwalliya, na bar su a haka. Kullum takan iso kafin kowa, ta ja mayafi kan kuncinta, in yi aikina, Alƙali ya sa hannu. Shekara tara mu uku muka san da tabon nan a tashar.

Ciwon ajalinsa ya fara ne da tashar ta koma sabon tsarin hoto da ake kira HDR. Injiniya ya tara mu ya yi dogon bayani, wai tsarin iri-iri ne, namu na watsa shiri kai tsaye ne. Cikin duk abin da ya faɗa kalma ɗaya na riƙe, cewa haske zai ƙaru sosai. To a wurinmu masu kwalliya, in aka ce haske ƙyalli ake nufi, maganin ƙyalli kuwa hoda. Ranar farko na zage na lafta wa Auta ninki biyu na abin da na saba. Sai daga baya na gane nufin Injiniya: fari zai fito da farinsa, inuwa za ta fito da abin da ke cikinta, duk ɗan bambancin launin da tsohon tsari ke shafewa zai bayyana. Kamata ya yi in rage hannu.

Na yarda na yi kuskure. Amma ai don irin wannan rana aka ajiye alƙali. Na ɗaga kai na dube shi, ya nuna mini kunci sumul kamar ƙwai. Na ɗaga wa Auta babban yatsa, ta yi murmushi, ta karanta labarai minti talatin kai tsaye. A sababbin talabijin kuwa, a falon mutane da ofishin Manaja, hodar ta fito kamar yaɓen bango, har da iyakarta, ga tudun tabon a ƙarƙashi ɓaro-ɓaro. Kafin ta tashi daga kujera hotonta ya gama zaga wayoyi.

Injiniya ya ce kada in ga laifin Alƙali, tsoho ne, idonsa bai kai ga sabon hoton ba, iya abin da ya gani ya nuna. Ban karɓi wannan uzuri ba. Wanda bai gani ba sai ya ce bai gani ba. Da ya yi duhu, ko ya tsaya a "ziii" ɗinsa, da na je na tambaya. Shi kuwa ya dube ni da fuskar nan da na yarda da ita shekara goma sha ɗaya, ya ci amanata.

An mayar da Auta karatu daga bayan fage, murya kawai, wai na ɗan lokaci. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta shigo ta ɗauki jakarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, sau biyu ke nan." Yau mako uku ba ta ɗauki wayata ba.

Game da musabbabin rasuwa, marigayin ya faɗo ne daga kan kanta, kalmarsa ta ƙarshe "tass". Ni kaɗai ce a ɗakin. Mai shara ta tambaye ni yadda abin da bai taɓa motsi ba ya faɗo, na ce mata ajali. Ana roƙon jama'a kada a tsananta bincike.

Ya bar rimot ɗaya mara murfi da wayar wuta mai ɗaurin salatif. An riga an naɗa magajinsa, wani siririn allo mai nuna har ramukan fata. Ba na ƙaunarsa ko kaɗan, amma dai bai yi mini ƙarya ba tukuna.

Za a fitar da gawar ranar Alhamis bayan labaran rana. Mai gyara zai zo ya cire abin da zai amfani na raye, sauran a miƙa wa mai tara tsofaffin ƙarafa. Za a yi zaman makoki kwana uku a ɗakin kwalliya. Ba sai an kawo komai ba, kuma duk wanda zai ce mini ai na'ura ce a yi haƙuri, ya yi zamansa a ofishinsa. Wanda kuma ke da hanyar isa ga Auta, don Allah ya ce mata yayarta ta fasa abin da take ɗora wa laifi, yanzu saura ita kaɗai a ɗakin, tana jira.