Ranar da Tukai Sakiusa Ya Sauko Tabarma

"Lafiya lau, sai kewarka, angona na kan kujera. Har yanzu kana nan inda na bar ka? Ko dasa ka aka yi?"

"Ina zan je, amarya ta gudu birni ta bar ni da tsohuwar 'ya mai faɗan tsiya? Shigo, shigo. Amma wannan jakar azabar taki ki bar ta a waje."

Tsohuwar 'yar mai faɗan tsiya ni ce, Makelesi, kuma ban musa ba. Duk wanda ya yi wata takwas yana jinyar babana Sakiusa bai koyi faɗa ba, to ba mutum ba ne, waliyyi ne. Mai shigowar kuwa Torika ce, jikarsa, 'yar yayana. Likitar fisiyo ce a wani asibiti a birnin Suva, ita ke koya wa waɗanda suka karye ko aka yi wa aiki yadda za su sake taka ƙasa. Duk Asabar take biyo motar safe ta zo ta murza gwiwar kakanta, amma ran nan Laraba ce, kuma dukkanmu mun san abin da ya kawo ta.

Shekara talatin da ɗaya Baba ke magana da yawun sarkin garinmu, gado ne daga ubansa. Baƙo ba ya shiga gari sai ya zauna a tabarma ya miƙa damin saiwar yangona, Baba ya karɓa da jawabi, sannan a daka a dama a sha. Bara ana tsakiyar taro gwiwarsa ta ƙage, ya yunƙura zai tashi ya kife a gaban baƙi, sai samari biyu suka ciccibe shi. An yi masa aiki, ya warke sarai, amma tun ranar bai sake zama a ƙasa ba. Kujera kuwa ba ta shiga zauren sarki, don wa ya isa ya zauna kansa ya ɗara na sarki? To ga manyan baƙi za su zo daga tsibirin Kadavu ranar Asabar, sarki ya aiko cewa in Sakiusa ba zai iya zama ba, ƙanensa Peniasi zai karɓi maganar. Abin da ya shiga hannun Kawu Peniasi kuwa ba ya fitowa.

Torika ta dire jakar a gabansa, ta kira shi Tukai, wato kaka a harshenmu, ta ce, "Miƙo ƙafar, Tukai."

"Ji rashin kunya. Ko shayi ba ki sha ba, sai taɓa jikin mijin mutane?"

"Mijin wa? Wa zai kwashi tsoho mai haƙori shida in ba ni da Allah ya jarabta ba?"

"Bakwai ne! Kuma zawarawa uku ke layi a coci saboda ni."

"Layin karɓar maganin hawan jini suke, kai ne ka tsaya kusa. Lanƙwasa. Ƙara. Ƙara dai."

"Wayyo! Makelesi, kina tsaye za a kashe miki uba? Shekara huɗu aka tura yarinyar nan Suva, ashe tausa ta je koyo. Kakarki ta iya tausa, ko ƙofar aji ba ta taɓa gani ba."

"Kakata tausa take yi maka ka yi barci. Ni tashinka na zo yi. Ka yi tashi-zauna goma da safe?"

"Na yi ɗari."

"Gwaggo?"

Na ce, "Goma ya yi, yana yi yana zagin wadda ta ƙirƙiro su. Jiya ma ya shiga teku zuwa ƙugu ya yi tafiyar da kika ce, har bakin kwalekwalen Peniasi ya dawo. Amma sukari cokali biyar ya zuba a shayi, ya kuma cinye tulin rogo da gwaza kamar mai shirin noma."

"Munafuka! A cikin gidana ake sayar da ni."

"Tukai, cokali ɗaya na ce. Rogo daidai dunƙulen hannunka, sauran kwanon kifi da ganye. Duk tumbin nan gwiwa ce ke dakonsa."

"Wannan ba tumbi ba ne, rumbun hikima ne. Gwiwar da kike rainawa kuwa, ita ta kayar da 'yan Tonga huɗu rana ɗaya a filin ƙwallon zari-ruga."

"Bara uku ne. Wancan karon biyu. Suna haihuwa ne a bakinka?"

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiyar kwakwa ba zai hango ba."

"Me za ka hango daga kan kujerar roba? Ni 'yan zari-ruga na gaske nake gyarawa, ƙarti masu wuya kamar turmi, suna kuka a hannuna suna kiran uwarsu. A cikinsu babu wanda ya kai ka raki."

Tana magana tana aiki. Ta lanƙwasa ƙafar har diddigensa ya kusa taɓa cinya, ta sa ya tsaya da ƙafa ɗaya, ta sa ya hau dakalin ƙofa ya sauko sau goma. Ko haki bai yi ba. Ta dube ni, na dube ta.

Ta ce, "Tukai, gwiwar nan ta fi ta Gwaggo lafiya. Tun wata biyu da suka wuce ta isa zama a tabarma. Sauko mu gwada."

"Gobe."

"Haka ka ce wancan makon. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Tana hanawa, in Kawu Peniasi ya riga ka isa."

Nan fara'arsa ta ɗauke. Ya kau da kai yana kallon teku ta taga, ya ce a hankali, "Ke ba ki nan ranar. Ba ki ji yadda zauren ya yi tsit ba."

Gaskiya tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da nake ji. Ba gwiwa ce ke ciwo ba, kunya ce, kuma ita ba a yi mata aiki a asibiti. Na ɗauka yarinyar za ta lallashe shi. Ina! Sai ta tashi ta buɗe jakar, ta zaro wani ƙunshi a naɗe da jarida da zare. Damin yangona ne, tsohuwar saiwa mai kauri, irin wadda ake kai wa manya.

Ta ce, "Shi ke nan, na haƙura da kai. Tunda ka ajiye aiki, Kawu Peniasi kuma in'ina gare shi, ni zan riƙa yi wa sarki magana. Bari in gwada a kanka. Na zo gidanka baƙuwa, ga gaisuwata."

"Ke? Mace? Jikar jiya?"

"Zamani ne, tsoho."

Ta tsaya ƙiƙam a tsakiyar tabarma, ta riƙe damin da hannun hagu kamar mai tallar tsintsiya.

Baba ya daka mata tsawa. "Zauna! Wa ya taɓa miƙa yangona a tsaye?"

Ta zauna, ta miƙe ƙafafu zaƙo-zaƙo, tafin ƙafarta na kallon fuskarsa.

"Naɗe ƙafar nan, 'yar banza! Hannu biyu ake riƙewa!"

"To, ga hannu biyu. Ina gaisuwa ga mutanen gidan nan, da kajinsu, da aladunsu, da sarkinsu..."

"Sarki a bayan alade? Makelesi, toshe mini kunne!"

"Ina gaisuwa ga zuriyar..." Sai ta ambaci sunan kakannin garin da ke ƙetaren kogi, waɗanda muka yi shekara ɗari muna gardamar iyaka da su.

Tabɗi! Baba ya miƙe tsaye. "Wa ya koya miki wannan? A gidana? A kan tabarmata?"

"Yo ni ina na sani? Wanda ya iya ya ƙi koyarwa, yana can sama kamar zakara a kan rufi. Karɓi, in wuce gidan sarki in maimaita."

Ta miƙo damin daga inda take zaune. To ga inda ta kama shi. Yangona in an miƙo, dole a karɓa, ko maƙiyinka ne ya kawo. Kuma ba a karɓa a tsaye, ba a karɓa a kujera. Wani zai iya rufe ido ya fizge, amma ban da Sakiusa, mutumin da ya taɓa mayar da tawagar gwamnati bakin gari don ɗayansu ya shigo da hula a kai.

Bai ma tsaya tunani ba, faɗa yake yi. "Matsa can, in nuna miki yadda 'ya'yan mutane ke yi!" Ya dafa tabarma da hannu, ya sauke gwiwa mai lafiya, ya juya ƙugu, daidai yadda ta yi wata da watanni tana nuna masa a bakin gado. Sai ga shi zaune daram, ƙafafu a harɗe. Ya ɗora hannu biyu a kan damin, ya gyara murya, ya fara. Ya jero sarki da gidansa, ya jero kakanni ɗaya bayan ɗaya, ya yi wa ƙasa da teku addu'a. Muryar da na yi wata takwas ban ji ba ta cika ɗakin, har matan da ke shanya a waje suka leƙo.

Sai da ya kai ƙarshe ya ga yadda muke kallonsa. Ya dubi tabarma, ya dubi gwiwarsa, ya dubi Torika.

"Ja'ira. Da gangan kika yi."

"Ni? Jikar jiya? Me na sani?"

"Kifi na ganinka, mai jar koma."

"Ya gani, amma ya shiga. Saura tashi, angona."

Na matso zan kama shi, Torika ta harare ni, na koma. Na ga gumi ya tsatso masa a goshi.

Ya ce, "In na faɗi fa?"

"In ka faɗi, ka faɗi a gaban matarka da 'yarka, sai mu yi dariya ka sake. Juya gefe. Hannu a ƙasa. Kafa ƙafar dama. Kar ka kalli gwiwa, kalle ni, ai na fi ta kyau. Tura!"

Ya tura. Ya miƙe tsaf, babu ko tangaɗi.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, ni da rabona da guɗa tun bikin yayana. Baba kuwa sai ya sake zama. Ya sake tashi. Ya zauna, ya tashi, har sau huɗu, yana dariya haƙoran nan bakwai duk a waje.

"Kun gani? Da tsohuwar zuma ake magani! Ni na warkar da kaina, yarinyar nan kallo kawai ta zo yi."

"Haka ne. Ni ma 'yan Tonga biyar na gani yanzu sun faɗi."

"Makelesi, ɗauko mini farar riga. Da ƙafata zan je in gaya wa sarki, kuma ta ƙofar Peniasi zan bi."

Torika ta ce, "Tsaya tukuna, da sharaɗi. Ranar Asabar kar ka yi awa uku a harɗe. Duk rabin awa ka motsa ƙafa, in an tashi shan iska ka zaga zauren. Ka sha ruwa bayan kowane ƙoƙon yangona."

"Ji ta, har ta fara mulki."

"Ka yarda ko in koma gidan sarki da gaisuwar aladu?"

Na kawo rigar, amma bai karɓa ba. Sai ya sake sauka tabarma, wannan karon a hankali, ya fuskanci jikarsa. Ya kira sunanta cikakke, da na ubanta, da na gidanmu, yadda yake kiran manyan baƙi. Sannan ya lanƙwasa tafin hannunsa kamar ƙoƙo ya tafa mata sau uku, tafin girmamawa mai zurfin amo. Shekarata hamsin da biyu a gidan nan, ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗan cikinsa haka ba.

Torika mai bakin tsiya ta buɗe baki, magana ta ƙi fita. Hawaye kawai ke zuba.

Baba ya kwashe da dariya, ya ce, "Na sallama, likita, kin kayar da ni. Amma ku shaida, yau ni na rufe mata baki."