Ƙafar da Na Miƙa

A zamanin En'e, ana saura kwana biyu mu kara da 'yan Makarfi, na yi targaɗe a ƙafar hagu. Ni ne kuwa mai ci wa Ikara ƙwallo, ko dai haka nake gaya wa kowa.

Ranar wasa na ɗingisa wurin malamin asibiti, na ce ya yi mini allurar kashe zafi.

Ya ce, "Malam, da ka haƙura ka huta."

Na ce, "In na huta, wa zai fitar da garin nan kunya?"

Abin da na ɓoye masa shi ne tsoron allura nake kamar me. Da ya zaro ta, na runtse ido na miƙa ƙafa. Ya ce, "Wannan ce?" Na ce, "Soka kawai, namiji ne a gabanka!"

Sai a fili, gaban Hakimi da Di'o, na gane ta dama na miƙa. Hagu na zogi, dama ta mutu murus. Ƙwallo ta zo, na kai mata duka, sai ga ni zaune daɓas. Makarfi suka zura mana biyu.

Yau har da jikoki gare ni, amma ko takalmi nake gwadawa a kasuwa, sai wani tsoho ya leƙo: "Malam, buɗe ido dai ka duba, wacce ka miƙa?"